Musabaha da Alhaji Mai Lamba Tara

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, kuma ko da Allah ya taimake ni na manta, mutanen Dogon Dutsi ba za su bari ba. Har yau idan na ratsa ta bakin tasha, sai wani ɗan kabu-kabu ya rage wuta, ya ɗaga mini hannu sama irin yadda ake yi wa ɗan kokowa, ya ce, "Sannu, mai kayar da manya!" Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa shiga filin kokowa ba. Tela ne ni. Gaisuwa kawai na je yi.

Ni mutumin Ɗan Kassari ne, ɗinki ya kawo ni Dutsi na zauna. Ciwona ɗaya a duniya, littattafan soyayya. Yayata ce ta fara shigo da su gidanmu, irin waɗanda ake sarowa daga Kano, masu bango da furanni da hoton yarinya ta zuba tagumi. Ina satar su ina karantawa a bayan rumbu. Da waya ta zo sai abin ya ƙara lalacewa, domin yanzu ba sai na riƙe littafi ba, ana zuba mini su a waya, wata mai zaƙin murya tana karantawa, ni kuma ina taka keke da abin sauraro a kunne. (Na taɓa ɗinke wa wani ma'aikaci bakin hannun riga ruf, saboda a daidai lokacin an kai saurayin labarin asibiti.) A cikin littattafan nan na yi duk karatuna na zaman duniya. Na san cewa saurayi talaka ne amma zuciyarsa fara ce. Na san uban yarinya mai tsauri ne. Na kuma san akwai wata rana da saurayin zai yi wani abin da zai sa hawaye su cika idon uban, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaro, na ba ka."

Ranar nan nake jira tun ban san wacce za a ba ni ba.

Sai ga Balkisa. Ta kawo yadi a ɗinka mata hijabi, na miƙe zan karɓa, igiyar abin sauraron ta fizge, muryar mai karatu ta cika shago, ana tsakiyar kuka a gefen gadon asibiti. Na rasa inda zan sa kaina. Ita kuwa ta saurara kaɗan, ta ce, "Kwantar da hankalinka, ba zai mutu ba. A littafi na uku zai tashi, kuma ba ita zai aura ba." Ta lalata mini labarin da na yi makonni ina bi, ni kuwa a nan take na ji duniya ta yi mini fari.

Mahaifinta shi ne Alhaji Sule, mai sayar da siminti da kwanon rufi. Mutum ne tsayayye, cikin mutanen nan masu wando iya ƙwauri da gemu a gyare, waɗanda komai sai sun tambayi hujjarsa. Ba ya wasa da salla, ba ya wasa da awo, ba ya dariya a kasuwa. Amma Allah ya jarrabe shi da abu ɗaya, shi ne balo, wato ƙwallon ƙafa. Shi ya saya wa ƙungiyar 'yan kasuwa riguna da takalma, kuma tun da shi ya saya, riga mai lamba tara tasa ce. Ya haura hamsin, tumbinsa kan riga shi shiga fili, yana buga wasa da dogon wando don kada gwiwa ta fito. Babu mai karɓe masa ƙwallo. 'Yan ƙungiyarsa yaran shagonsa ne, 'yan bayan sauran ƙungiyoyi kuwa kowa na da ɗakin da yake fatan rufawa wata rana. Masu tsaron gida da sun ga ya ɗaga ƙafa sai su faɗi wani gefe cikin ladabi. Da haka Alhaji ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a garin.

Ni kuma gola ne a ƙungiyarmu ta Ɗan Kassari. (Na zaɓi gola ne domin shi kaɗai ne wurin da mutum zai tsaya ya yi tunanin masoyiyarsa ana ce masa yana wasa.) A gasar hutun damina ta shekarar nan, ban san yadda aka yi ba, sai ga mu a wasan ƙarshe, mu da 'yan kasuwa.

To, akwai wata sabuwar doka a gasar. Shekarar da ta gabata wasan ƙarshe da dambe ya tashi, takalma suka yi ta shawagi a sama, kofin ma ya ɓace, sai daga baya aka gan shi a wata majalisar samari ana zuba sukarin shayi a ciki. Saboda haka Mushe Hamidu (haka muke kiran malaman boko, da Faransanci), tsohon malamin motsa jiki wanda shi ne alƙalin wasa, ya tara mu tun ranar buɗewa, ya ɗaga wayarsa yana nuna mana ƙwararrun 'yan wasan Turai bayan an tashi wasa.

"Ku duba nan," in ji shi. "Mutanen nan sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Sun yini suna harbin ƙafafun juna, amma da an busa, ga layi, ga hannu. Har riga suke musanyawa. Shi ne fer-ple, wasa ba gaba. Ku ban ce ku musanya riga ba, don na san wasunku ba za su mayar ba. Amma hannu dole ne. Layi biyu, kyaftin a gaba, gola na bin sa. Ka kama, ka dubi idon mutum, ka ce an gode, ka saki, ka wuce. Akwai mutane a bayanka."

Abu mai sauƙi. Ko akuya aka sa a layin za ta iya.

Ana saura kwanaki kaɗan wasan, Balkisa ta zo karɓar hijabinta, ta rage murya ta ce ta yi wa mahaifiyarta maganata, mahaifiyar kuma ta kai wa Alhaji. Amsar da ya bayar ita ce, "Golan Ɗan Kassari? To ai zan gan shi ranar Lahadi. In ya yi mini, ya turo manyansa. In bai yi ba, kada ya wahalar da tsofaffi a hanya."



"Ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Baba ba ya son a durƙusa masa. Ya tsani abin. Ka miƙa hannu a tsaye, ka yi sallama, shi ke nan."

Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. A raina na ce, Allah sarki, yarinya. Ai duk uban da ya ce ba ya son a girmama shi, jarrabawa ce. Na karanta wannan ya fi a ƙirga. Yana so ne ya ga ko yaron zai ji an ce kada ya yi, ya kuwa ƙi yi.

Don in ƙara tabbatarwa, na hau babur na je gida wurin Baba Arzika, ƙanen mahaifina, wanda shi ne zai je nema mini auren idan an ba da hanya. Tsohon ɗan kokowa ne, yanzu sai noma da taba gari. Na same shi a gindin gawo yana gyaran kalme, na faɗa masa abin da Balkisa ta ce.

"Hannu?" ya ce, ya tofar da yawu gefe. "Wa ag gaya maka ana ba suruki hannu? Abokinka ne? Ka tuɓe takalmi tun daga nesa. Ka durƙusa. Kuma ka riƙe wagga magana: kanka kar shi kuskura shi wuce nashi. In yana tsaye, ka duƙa. In ya zamna, ka durƙusa. In ya durƙusa, ka kwanta."

"In ya kwanta fa, Baba?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kai wane irin sakarai ne? Mi zai kwantar da Alhaji cikin mutane?"

Ranar Lahadi fili ya cika maƙil. Ga dutsen can tsaye a bayan raga kamar shi ma kallo ya zo, ga masu ƙosai da masu ruwan leda, ga yara a kan katanga. Mutanenmu sun zo a bayan wata tsohuwar motar ɗaukar gero, har da wani makaɗin 'yan kokowa da ya maƙale musu, shi dama duk inda taro yake nan ne wurin aikinsa. Can gefe a inuwar dogonyaro na hango Balkisa cikin ƙawayenta, sanye da hijabin da na ɗinka, shuɗi mai haske. Iska na kaɗa shi. Na ji kamar mai karatun nan tana bayyana ni da muryarta, ga saurayi tsaye tsakanin sanduna biyu, zuciyarsa na dukan tara-tara.

Mun ci su ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci, muka koma baya muka tsare. Ana dab da tashi, Alhaji ya shigo da'irarmu da ƙwallo, yana haki kamar injin niƙa. Ɗan bayanmu bai taɓa shi ba, wallahi, wucewa kawai ya yi ta kusa da shi. Alhaji ya taka ƙwallon da kansa ya zauna. Mushe Hamidu ya busa penalti.

Kailu, kyaftin ɗinmu, ya zo ya kama mini wuyan riga. Shi kaɗai ya san sirrina a ƙungiyar.

"Na ga idonka," ya ce. "Wallahi in ka bar ta ta shiga saboda mace, a ƙasa za ka tako har Ɗan Kassari."

"Haba Kailu, ni ne fa."

"Don kai ne na faɗa."

Duk garin an san Alhaji hannun dama na gola yake bugawa. Bai taɓa sauyawa ba, don bai taɓa samun dalilin sauyawa ba. Na tsaya a kan layi ina kallonsa yana gyara ƙwallo, ina kallon shuɗin hijabi can nesa, na auna kofi a hannu ɗaya, Balkisa a ɗaya hannun. Kofin da ake zuba sukari a ciki! Na yanke hukunci. Zan faɗi hagu, ƙwallo ta shiga dama, Alhaji ya yi murna, a je bugun raba gardama, abin da Allah ya yi shi ke nan. Har na tsara yadda zan daki ƙasa da hannu don baƙin cikin ƙarya.

Aka busa. Na rufe ido na yi tsalle hagu da duk ƙarfina.

Abin da ban gani ba, sai daga baya aka ba ni labari, shi ne ƙafar Alhaji ta zame a rairayi, ƙwallon ta daki ƙwaurinsa maimakon takalmi, ta karkace ta yi hagu. Ni dai abin da na sani, wani abu ya sauka a kan hancina kamar an jefo tubali, na ga taurari tun rana ba ta faɗi ba, sannan na ji duniya ta kaure da ihu. Kafin in tashi Mushe ya busa tashi. Mun ci kofi. Na tare penaltin Alhaji Sule da fuskata, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin garin, a ranar da ya zo duba ko na dace da ɗiyarsa.

Kailu na sumbatar goshina yana cewa, "Ka gafarce ni, na zarge ka!" Ni kuwa ina ta salati a zuci.

"Layi! Layi!" in ji Mushe Hamidu.

Aka cusa mini tsumma a hanci don jini, aka tura ni bayan Kailu. Can gaba ga layin 'yan kasuwa na tahowa, Alhaji a kan gaba, fuskar nan a murtuke. Na ce a raina, na kunyata bawan Allah a gaban duniya, babu abin da zai wanke ni sai gaisuwar da ba a taɓa ganin irinta ba. Wannan ce ranar nan ta cikin littafi. Yau hawaye za su cika idonsa.

Na tuna an ce a tuɓe takalmi tun daga nesa. Na duƙa ina kwance igiya da safar gola a hannu, wanda duk ya taɓa gwadawa ya san kamar ɗinki ne da muciya. Layi kuma na tafiya, na baya na turo ni. Na yi ta tsalle da ƙafa ɗaya har na fizge na dama, na hagu kuwa ya ƙulle ya ƙi. Kailu ya kama hannun Alhaji, ya ce an gode, ya wuce abinsa kamar mutum mai hankali. Sai ga ni gaban Alhaji, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa mai huda, tsumma na leƙowa daga hanci, takalmi a hannun dama.

Ya miƙo hannu. Saura kaɗan in sa masa takalmin a ciki. Na maƙale shi a hammata, na zube ƙasa na tsuguna.

"Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya? Ya gajiyar wasa?"

"Subhanallahi!" ya ce. "Tashi! Ba a durƙusa wa ɗan Adam. Tashi ka ba ni hannu!"

Jarrabawa ta fara, na ce a raina. Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya kamo hannuna ya ja. Safar gola ta zare ta bi shi, ya tsaya riƙe da ita kamar an ba shi mataccen kifi. Ya jefa ta a aljihu, ya sake cewa in tashi. Na ce, "Wane ni, Baba."

Ashe Alhaji na da wata dabara da duk kasuwa ta sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Idan mutum ya tsuguna masa ya ƙi tashi, shi ma sai ya tsuguna su yi daidai, kunya ta sa mutumin ya miƙe zumbur. Dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Amma bai taɓa gwada ta a kan wanda Baba Arzika ya yi wa huɗuba ba.

"To," ya ce, "in ba ka tashi, ga ni nan tafe." Ya tattare wando, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya kara, ya tsuguna a gabana. Gemunsa daidai haɓata.

Kaina daidai da nasa! Na sauke gwiwoyi biyu a ƙasa.

Shi ma ya sauke.

Na zauna a kan dugadugaina na lanƙwashe kamar mai neman allura.

"Kai, lafiyarka ƙalau?" ya ce, shi ma yana lanƙwasowa don ya ga fuskata.

A nan ne na ji shiru a bayana, na saci kallo. 'Yan ƙungiyarmu duka yaran ƙauye ne masu tarbiyya. Sun ga dattijo mai furfura a gemu gwiwa biyu a ƙasa, wa zai tsaya a kansa ƙiƙam? Ɗaya bayan ɗaya suka zube, layi guda, kamar kaji sun ga shaho. Su kuma yaran Alhaji suna tsaye a miƙe, kowa da hannunsa a sama yana jiran wanda zai kama, babu kowa a wurin, sai iska. Wani cikinsu na ta cewa, "Bidi'a ce wannan, wallahi bidi'a ce!" Mushe Hamidu na zagaye mu yana busa usur kamar zai haɗiye shi.

"Debu! Ku miƙe! Ba haka Turawa ke yi ba! A wace talabijin kuka ga wannan?"

Alhaji ya gaji. Ya kama hannuwana biyu, ya yunƙura zai miƙe ya ɗago ni da ƙarfi. Ni kuma kunya ta sa na saki duk nauyina ƙasa, na cusa kai. Rairayin nan da ya ci amanarsa a penalti ya sake cin ta. Ƙafarsa ta zame, ya rufto gaba, tumbinsa ya sauka a gadon bayana. Na ji nauyin surukina a kaina, na firgita, na ce kada in danne masa numfashi, na yunƙura don in ba shi wuri.

Na rantse da Allah wuri na so ba shi.

Sai dai na ga dogon wando da takalma biyu sun wuce ta saman kaina. Alhaji Sule ya juya a iska, ya sauka da bayansa, tim, ƙura ta tashi.

Filin ya yi tsit. A ƙasar Arewa ko yaron goye ya san ma'anar bayan namiji ya taɓa rairayi. Wanda ya fara farfaɗowa shi ne makaɗin nan. Ya saɓa gangarsa ya rangaɗa kiɗan kaye, ya buɗe murya yana yi mini kirari, yana kirana bijimin Ɗan Kassari, wai na tare da hanci na kayar da ƙeya. Mata suka ɗauki guɗa. Mutanenmu suka ɓarke daga bakin fili suka yo kaina a guje.

Ni ban ma san suna yi ba. Abu ɗaya nake gani: Alhaji kwance, kansa a ƙasa, nawa a sama. Tambayar da Baba Arzika ya ƙi amsawa ta zo ta same ni. Na kwanta rub da ciki kusa da shi. Na duba, har yanzu kawunanmu daidai suke. Sai na sa hannu na tona rairayi, na yi ɗan rami, na cusa fuskata a ciki.

(Na san abin da kake tunani. Ni ma yanzu shi nake tunani. A lokacin kuwa gani nake babu wanda ya kai ni hankali a filin.)

Na ji wata tsohuwa mai ƙosai na cewa, "Ku ba shi wuri, iskokinsa ne sunka zo, ai mutanen wajen Lugu ne, garin masu bori." Wani cikin yaran Alhaji ya fara yayyafa mini ruwan leda a ƙeya yana karatu da ƙarfi. Cikin wannan hayaniya na ji murya kusa da kunnena, a hankali, irin ta mai jin ciwo.

"Kai ne telan?"

"Ni ne, Baba," na amsa daga cikin rami.

"Fito da kanka daga nan."

"Sai ka tashi, Baba."

"Da ina iya tashi, ka gan ni nan? Ƙuguna ya riƙe."

Ban samu na ba shi haƙuri ba. Hannuwa suka sure ni, aka ɗora ni a kafaɗu. Ni da aka ce kaina kada ya wuce nasa, sai ga shi ya wuce na kowa a Dogon Dutsi. Aka zagaya fili da ni, ƙafa ɗaya ba takalmi, fuska duk rairayi, makaɗi na biye. Daga can sama na ga an kawo amalanken jaki an kwantar da Alhaji a kai. Da muka zo daidai dogonyaro na ga Balkisa ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Zuciyata ta karye, na ce ga ta can tana kukan rabuwa. (Dariya take yi. Ta ce har cikinta ya ƙulle, sai da ƙawayenta suka riƙe ta.)

Kwanakin da suka biyo baya a bayan labulen shago na yi su. Na sa labari mafi ban tausayi a kunne, na fara shirin barin gari, domin a littafi idan abu ya kai nan saurayi tafiya yake yi wata ƙasa mai nisa, ya dawo da mota da gemu. Ina cikin tunanin ko Agadas ko gaba da nan, sai ga Baba Arzika ya ɗaga labule.

"Cewa na yi kanka kar shi wuce nashi," ya ce. "Ban ce ka kada shi ba."



Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya ɗan yi gyaran murya. "Amma an ce kayen ya yi kyau. Ta ƙeya, ko? Nawa ne wannan, jini ba ya ɓata." Sannan ya ce in sa riga, Alhaji ya aiko yana neman mu, mu biyu.

Muka tafi kamar masu zuwa karɓar hukunci. Aka yi mana iso zuwa zaure. Muna ɗaga labule muka tsaya cak. Alhaji na kwance a kan tabarma, an tokare masa ƙugu da matashi. Kwance! Na dubi Baba Arzika, ya dube ni. Na ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwasa, nawa ma haka, idona kuma na neman inda ƙasa ke da taushi, ga shi daɓen siminti ne.

"Duk wanda ya kwanta mini a ɗakin nan," in ji Alhaji da ƙarfi, "ya tashi ya fita, kuma maganar ta mutu!"

Muka miƙe kamar sojoji.

Ya ɗago hannu daga inda yake. "Zo nan. Ka lanƙwasa baya, ban da gwiwa. Kama. Dube ni. Ba tabarma ba, ni." Na kama, na dube shi. Ya girgiza sau ɗaya ya riƙe.

"Gaisuwarka ta banza ce," ya ce, "kuma za a gyara ta. Amma ba don ita na kira ku ba. Shekara da shekaru ina buga balo a garin nan. Duk golan da ya gan ni sai ya faɗi gefe kamar buhun da aka jingine ba daidai ba. Sun ɗauka ban sani ba. Na sani sarai. Kai kaɗai ka tsaya ka tare ni, har da fuskarka, alhali ka san abin da kake nema a gidana. Wanda bai yi mini ƙarya a fili ba, ba zai yi wa ɗiyata a gida ba. Malam Arzika, ku turo."

Babu hawaye a idonsa, ban da na ciwon ƙugu. Na buɗe baki, ban ma san me zan ce ba, sai na ji wani ɗan tari daga bayan ƙofar cikin gida. Na san mai tarin. Na rufe bakina.

Daga baya, bayan an ɗaura aure, Balkisa ta ce mini, "Idonka a rufe yake. Kuma hagu ka yi, kowa ya san dama Baba ke bugawa."

"Za ki faɗa masa?"

"Sai ranar da ka ɓata mini rai."

(Alhaji ba ya karanta irin wannan rubutu, ya ce ɓata lokaci ne. Shi ya sa ka ga na saki jiki.)

Hukuncina dai ina karɓarsa. Tun da ƙugunsa ya warke, duk Lahadi da safe sai ya aiko a kira ni fili, wai ni kaɗai ne golan da zai gwada ƙafarsa a kai ya san gaskiya. Yanzu dole in tare da gaske, kuma ya koyi buga hagu. Hancina bai sake komawa daidai ba. Safar golata ma har yau tana wurinsa, ya rataye ta a shago saman buhunan siminti, ban kuma da fuskar tambaya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan aka miƙo maka hannu, hannun ake so. Ka kama, ka girgiza, ka saki, ka wuce, akwai mutane a bayanka. Idan kuma mace ta ce maka ubanta ba ya son abu, ka yarda da ita, domin ita ta san ubanta, mai rubuta littafi a Kano ba ta taɓa ganinsa ba.

Yanzu a tsaye nake gaishe shi, ido cikin ido, yadda Mushe Hamidu ya koyar. Gwiwoyina ne dai har yau ba su gama yarda ba, da na kama hannunsa sai su ɗan motsa. Na kuma lura duk lokacin da suka motsa, Alhaji kan ja ƙafa ɗaya baya, ya buɗe tsayuwa, ya kafe dugadugansa a ƙasa, sannan ya ce, "Wa alaikumus salam."